Yadda Za Ka Koyi Tarihin Rikicin Falasɗinu da Isra'ila Daga Fina-finan Tarihi

Tun daga Oktoban 2023 wayoyinmu suka cika da hotunan Gaza. Mun ga gidaje sun zama ɓaraguzai, mun ga uba ɗauke da gawar ɗansa, mun yi kuka, mun yi alƙunutu a masallatai. Amma in ka zauna a majalisa ka tambayi wanda ya fi kowa ɗaga murya: yaushe Gaza ta fita daga hannun Masar, me ya bambanta ta da Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, me ya sa yawancin mutanenta 'yan gudun hijira ne a cikin ƙasarsu, sai ka ji shiru. Wannan shirun yana damuna. Wanda yake ƙaunar mutane ya kamata ya san labarinsu, ya san shi da kyau yadda ba wanda zai ruɗe shi da bidiyon minti biyu.

Ba kowa ke da halin karanta littattafai masu shafi ɗari biyar ba. Amma akwai fina-finan tarihi, waɗanda ake kira dokumentari, da aka kashe shekaru ana haɗawa, aka zauna da sarakuna da janar-janar da manoma da tsofaffin da aka kora daga ƙauyukansu. Da waya da data da littafin rubutu, cikin wata biyu ko uku za ka iya fahimtar wannan rikici fiye da yadda kake zato. Sai dai akwai tarko. Muna cewa gani ya kori ji, kuma a nan ne fim yake kama mutum, domin kyamara tana da mai ita, mai ita kuma shi ya zaɓi inda zai haska da inda zai bari a duhu. Abin da ke tafe hanya ce ta cin amfanin fina-finan ba tare da sun ja ka da hanci ba.

Mataki na farko: kafa ginshiƙai kafin ka kunna komai

Kada ka fara da fim. Fara da takarda. Sayi littafin rubutu na musamman, a shafin farko ka jera waɗannan shekaru, ka bar fili a gaban kowace:

1897, taron farko na 'yan Sahyoniya a birnin Basel na Suwizalan ƙarƙashin Theodor Herzl. 1917, wasiƙar Balfour, inda Birtaniya ta yi alkawarin goyon bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, a shekarar da sojojinta suka ƙwace Ƙudus daga Daular Usmaniyya ta Turkiyya. 1936 zuwa 1939, boren Larabawan Falasɗinu da Birtaniya ta murƙushe. 1947, ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 181 na raba ƙasar. 1948, kafa Isra'ila da Nakba, wato bala'in raba Falasɗinawa da gidajensu. 1956, yaƙin Mashigin Suwez. 1967, yaƙin kwana shida. 1973, yaƙin Oktoba. 1979, sulhun Masar da Isra'ila. 1982, mamayar Labanon. 1987, intifada ta farko, wato boren Falasɗinawa kan mamayar Isra'ila, da kafuwar Hamas. 1993, yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa. 2000, rushewar tattaunawar Camp David da intifada ta biyu. 2005, janyewar Isra'ila daga cikin Gaza. 2007, Hamas ta karɓe Gaza, takunkumi ya tsananta. 2023.

Haddace su kamar yadda ka haddace sunayen watanni. Duk abin da za ka gani daga baya a jikin waɗannan zai rataya.

Sannan ka nemo taswirori huɗu a intanet ka kwafe su da hannunka, ko da zanen bai yi kyau ba. Ta 1947, wadda ta ba ƙasar Yahudawa kusan kashi 55 cikin 100 na ƙasar alhali su kusan kashi ɗaya cikin uku ne na jama'a. Ta 1949, bayan an tsagaita wuta, lokacin da Isra'ila ta riƙe kusan kashi 78, Jodan ta riƙe Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus, Masar ta riƙe Gaza. Ta 1967, bayan Isra'ila ta kama duk waɗannan ta haɗa da Sina'i da Tuddan Golan. Sai ta 1995, wadda ta yanyanka Gaɓar Yamma zuwa yankunan A da B da C, yankin C kaɗai kusan kashi 60 ne kuma yana hannun Isra'ila gaba ɗaya. Wanda ya zana taswirar nan ta huɗu da hannunsa, ya ga yadda garuruwan Falasɗinawa suka zama kamar tsibirai a warwatse, ya fahimci abin da awa goma na jawabi ba zai fahimtar da shi ba.

Mataki na biyu: fara da biyu da ba su jitu ba

Wannan shi ne zuciyar hanyar, don haka zan daɗe a kai. Ƙa'idar ita ce: kada ka taɓa kallon fim ɗaya a kan wani zamani. Kalli biyu, daga ɓangarori biyu, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda alƙalin kirki ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin mai ƙara da wanda ake ƙara.

Na farko da nake ba da shawara shi ne *Al Nakba* na Rawan Damen, wanda tashar Aljazeera ta fitar da Larabci a 2008, kashi huɗu, daga baya aka fassara shi zuwa Turanci. Na biyu shi ne *The 50 Years War: Israel and the Arabs*, wanda Norma Percy da Brian Lapping suka shirya, BBC ta nuna a 1998, lokacin da Isra'ila ta cika shekara hamsin.

Abu na farko da za ka rubuta game da kowane fim: a wace shekara ya fara labarinsa? *Al Nakba* ya fara ne tun 1799, da Napoleon a bakin ganuwar Akka. Da wannan zaɓin kaɗai ya riga ya gaya maka matsayinsa: abin da ya faru a 1948 ƙarshen dogon shiri ne na Turawan mulkin mallaka, kuma kusan duk fim ɗin yana bin yadda Birtaniya ta share fage cikin shekara talatin na mulkinta. *The 50 Years War* kuwa ya fara ne daga 1947 zuwa 1948, da gardamar da aka yi a fadar shugaban Amurka Harry Truman kan ko a amince da sabuwar ƙasar. A wurinsa labarin na shugabanni ne da yaƙe-yaƙe da tattaunawar sirri. Za ka ga Sarki Husaini na Jodan da Yasir Arafat da Shimon Peres da Jimmy Carter kowa yana ba da labari da bakinsa, abin da ba ka samu a ko'ina. Amma manomin da aka kora daga gonarsa ba shi da kujera sosai a wannan ɗakin.

In ka samu *Pillar of Fire*, jerin da gidan talabijin na Isra'ila ya nuna a 1981, kashi 19, ka kalli ko da kaɗan daga ciki. Shi daga ƙarshen ƙarni na 19 ya fara, da tsangwamar da ake wa Yahudawa a Turai, ya bi ta kisan ƙare-dangi na Hitila da ya halaka Yahudawa miliyan shida, ya ƙare da kafa ƙasa a matsayin tsira. Wannan shi ne labarin da Ba'isra'ile yake ji tun yana yaro. Na san akwai mai cewa me zai kai shi kallon wannan. Amsata ita ce ba za ka taɓa gane abin da ya sa Isra'ilawa suke yin abin da suke yi ba in ba ka san tsoron da aka rene su a ciki ba, kuma sanin dalilin mutum daban yake da yarda da aikinsa. Kisan da aka yi wa Yahudawa a Turai ya faru da gaske, musun sa ba ya ƙara wa Bafalasɗine komai. Tambayar da Falasɗinawa suka daɗe suna yi ita ce me ya sa su za su biya bashin laifin da Turai ta aikata, kuma wannan tambayar ba ta buƙatar a ƙaryata wahalar kowa.

Yanzu ka buɗe littafinka ka ja layi uku a shafi. Gefe na farko: abin da duka suka yarda a kai. Na biyu: abin da suka saɓa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci: abin da ɗaya ya faɗa, ɗayan ya yi shiru.

Game da 1948, za ka tarar babu mai musun cewa Falasɗinawa kimanin dubu 700 zuwa 750 sun bar gidajensu, cewa an hana su komawa, cewa ƙauyuka sama da 400 sun zama kufai. Saɓanin yana kan dalili. Tsohon labarin Isra'ila ya ce shugabannin Larabawa ne suka ce su fita. Falasɗinawa suka ce korar su aka yi da bakin bindiga da tsoron kisa irin na Deir Yassin a ranar 9 ga Afrilu 1948. Da aka buɗe kundin ajiyar Isra'ila a shekarun 1980, masana tarihi 'yan Isra'ila irin su Benny Morris da Avi Shlaim da Ilan Pappé suka fito da takardun da suka rusa tsohon labarin: an yi kora kai tsaye a wurare irin su Lidda da Ramla, an yi kashe-kashe, da yawa kuma harin soja da tsoro ne suka fitar da su. Abin da su kansu suke jayayya a kai shi ne ko akwai tsari guda tun daga sama na korar kowa. Pappé ya ce akwai, Morris ya ce yaƙi ne ya haifar da ita. Ka rubuta wannan yadda yake.

A gefen shiru za ka ga fina-finan Isra'ila na da suna tsallake ƙauyukan da aka rushe. Za ka kuma ga fina-finan Larabawa da yawa ba sa ambaton Yahudawan da aka kashe a Hebron, wato Al-Khalil, a 1929, ko Yahudawa kimanin dubu 800 da suka bar Iraƙi da Yaman da Masar da Maroko da sauran ƙasashen Larabawa a shekarun da suka biyo bayan 1948, wasu da son ransu, wasu da tilas. *Forget Baghdad* na 2002 ya zauna da wasu tsofaffin Yahudawan Iraƙi da ke Isra'ila, masu magana da Larabcin Bagadaza, kuma yana rikita duk wanda yake ganin Balarabe da Bayahude jinsi biyu ne da ba su taɓa zama abu ɗaya ba.

Mataki na uku: bincika isnadin fim

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya amanarsa take. Haka za ka yi wa fim. Kafin ka kalla, ka gangara ƙarshensa inda ake jera sunaye. Wa ya shirya? Wa ya ba da kuɗi? Aljazeera gwamnatin Ƙatar ce ke ɗaukar nauyinta. BBC ta Birtaniya ce, ƙasar da ta rubuta wasiƙar Balfour. Tashar talabijin ta PBS ta Amurka ce, babbar ƙawar Isra'ila. Wannan bai mai da aikinsu ƙarya ba, amma yana gaya maka inda za ka ƙara buɗe ido. Fim ɗin da babu sunan mai shi, babu shekara, sai murya mai tsoratarwa da kiɗa, ka bar shi inda ka gan shi.

A shekarar da aka yi fim ma akwai magana. Wanda aka yi a 1998 yana numfashi da fatan Oslo. Wanda aka yi a 2002, lokacin da bama-baman ƙunar baƙin wake ke tashi a motocin safa na Isra'ila, tankoki kuma na cikin Jenin da Ramallah, da wani irin zafi aka yi shi.

Sannan ka saurari kalmomi, domin su ne tutar da kowa ke ɗagawa ba tare da ya ce ya ɗaga ba. Yaƙin 1948 a bakin wani Yaƙin 'Yancin Kai ne, a bakin wani Nakba, wato bala'i. Yaƙin 1973 wani zai ce na Yom Kippur, wani ya ce na Ramadan ko na Oktoba. Wani ya ce Gaɓar Yamma, wani ya ce Yahudiya da Samariya. Wani ya ce shingen tsaro, wani ya ce katangar wariya. Wani ya ce Haramin Ƙudus, wani ya ce Dutsen Haikali. Ware shafi guda ka riƙa tara irin waɗannan. Bayan mako biyu, minti biyar na farkon fim ya ishe ka gane daga ina iskarsa ke kaɗawa.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Ƙungiyoyin Sahyoniya sun fara ɗaukar fim tun shekarun 1920 don tara kuɗi da jawo baƙi, saboda haka hotunansu na wancan zamani suna da yawa: matasa suna noma, suna gina gari. Manoman Falasɗinu ba su da kyamara. Kundin fina-finan da ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta PLO ta tara a Beirut kuma ya ɓace a mamayar 1982. Shi ya sa za ka ga ɓangare ɗaya yana da hoto mai motsi, ɗayan sai tsohuwa a sansani riƙe da makullin gidan da ba ta sake gani ba. Ƙarancin hoto ba ya nufin ƙarancin abin da ya faru.

Mataki na huɗu: yaƙe-yaƙen ƙasashe, 1956 zuwa 1982

Nan ba sai ka daɗe ba, domin *The 50 Years War* ya yi aikin da kyau, kuma Aljazeera tana da jerin shirye-shirye a kan yaƙin Yuni 1967 da na Oktoba 1973 da za ka haɗa da shi. Abin da za ka riƙe: 1967 ita ce shekarar da ta haifi mamayar da ake ciki har yau da matsugunan 'yan kama-wuri-zauna, waɗanda yanzu suka haura dubu 700 a Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus. A Khartum ne shugabannin Larabawa suka taru bayan wannan yaƙin suka ce babu sulhu, babu amincewa, babu tattaunawa. Shekara goma bayan haka shugaban Masar Anwar Sadat ya sauka a Ƙudus. Yaƙin 1973 ya taɓa mu kai tsaye: a shekarar ne Najeriya da ƙasashen Afirka da dama suka yanke hulɗa da Isra'ila, Najeriya ba ta mayar ba sai 1992.

Ka kula da wani abu da shirye-shiryen gwamnatocin Larabawa ba sa son tsayawa a kai: abin da Larabawa suka yi wa Falasɗinawa. Yaƙin Jodan da PLO a Satumban 1970. Kisan sansanonin Sabra da Shatila a Satumban 1982, wanda mayaƙan Falanj na Labanon suka aikata yayin da sojojin Isra'ila suka kewaye wurin, kwamitin bincike na Isra'ila kuma ya ɗora wa Ariel Sharon alhaki har ya bar kujerar ministan tsaro. *Waltz with Bashir* na Ari Folman, wanda shi kansa soja ne a wannan yaƙi, da zane aka yi shi, amma mintunansa na ƙarshe hotunan gaske ne. Kada ka kalle shi da yara.

Mataki na biyar: shaidar da mutum ya bayar a kan gidansu

A wurina wannan ne rukuni mafi nauyi. Shaidar abokin gaba ana iya cewa ƙiyayya ce. Shaidar ɗan gida a kan gidansu da wuya a ture ta.

*The Gatekeepers* na Dror Moreh, 2012, ya zaunar da tsofaffin shugabanni shida na Shin Bet, hukumar leƙen asirin cikin gida ta Isra'ila. Mutanen da suka ba da umarnin kamawa da kisa ne, ba su zo neman gafara ba, amma kusan bakinsu ya zo ɗaya kan cewa ƙarfin soja kaɗai ba zai kawo ƙarshen rikicin ba kuma mamayar tana lalata Isra'ila kanta. *The Law in These Parts* na 2011 ya tambayi alƙalan soja da suka gina dokokin da ake mulkin Falasɗinawa da su, yadda aka halatta ƙwace fili da tsare mutum ba shari'a. Fim ne mai sanyi, babu harbi, amma in kana son sanin yadda mamaya take aiki a ranar da babu yaƙi, shi ne. *Censored Voices* na 2015 ya fito da muryoyin sojojin 1967 da aka naɗa kwanaki bayan yaƙin, waɗanda soja ta hana fitar da mafi yawansu a lokacin. *Tantura* na 2022 ya koma wani ƙauyen bakin teku da aka kama a Mayun 1948, ya saurari tsofaffin sojoji suna magana kan kashe mutanen da suka riga suka miƙa wuya. Masana suna jayayya kan adadin waɗanda aka kashe, ka rubuta wannan ma a gefen saɓani.

Sai ka sauko ƙasa, wurin talakawa. *5 Broken Cameras* na 2011 aikin Emad Burnat ne, manomi daga ƙauyen Bil'in, tare da Guy Davidi ɗan Isra'ila. Ya sayi kyamara a 2005 don ɗaukar ɗansa da aka haifa, sai katangar da Isra'ila ke ginawa a Gaɓar Yamma ta zo ta raba ƙauyen da gonakin zaitun. Kyamara biyar aka fasa masa, yaron yana girma a gaban idonka, abokinsa Bassem Abu Rahma kuma aka kashe shi da gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye a 2009. *No Other Land*, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, ya nuna rushe gidaje a Masafer Yatta, Falasɗinawa biyu da Isra'ilawa biyu suka haɗa shi. Irin waɗannan ba za su koya maka shekaru ba. Suna sa wa shekarun fuska ne. Amma ka tuna ƙauye ɗaya suke nunawa, ta ido ɗaya.

Adalci ya ce ka nemi irin wannan daga ɗaya gefen ma. *One Day in September* na 1999 ya ba da labarin 'yan tawagar wasannin Isra'ila 11 da aka kashe a gasar Olamfik ta Munich a 1972. Iyalan waɗanda bam ya kashe a kasuwa ko a mota su ma suna da labari, kuma wanda ya toshe kunnensa daga kukan uwa don ba ta ɓangarensa ba ce, ya rage wa kansa wani abu.

A nan ne kuma za ka gyara wani kuskure da ya yi mana katutu a Najeriya, inda ake ɗaukar rikicin kamar na Musulmi da Kirista. Akwai Kiristoci Falasɗinawa a Baitalami da Nazarat da Gaza tun zamanin farko. George Habash, wanda ya kafa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gwagwarmaya mafi tsauri, Kirista ne. Shireen Abu Akleh, wakiliyar Aljazeera da aka harbe a Jenin a Mayun 2022, Kirista ce. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Isra'ila Larabawa ne, waɗanda suka zauna ƙarƙashin dokar soja har 1966. Addini yana cikin rikicin, musamman a kan Ƙudus da Masallacin Aƙsa, amma asalin gardamar ƙasa ce da 'yanci da wanda zai zauna a ina.

Mataki na shida: me ya kashe sulhun?

Ranar 13 ga Satumba 1993 Arafat da firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin suka yi musabaha a Fadar White House kan yarjejeniyar Oslo. A Fabrairun 1994 wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna, Baruch Goldstein, ya harbe masallata 29 a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Al-Khalil. Hare-haren ƙunar baƙin wake na Hamas suka biyo baya. A Nuwamban 1995 wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi, Yigal Amir, ya kashe Rabin. Duk tsawon waɗannan shekaru gina matsugunai bai tsaya ba.

Kalli *Elusive Peace* na Norma Percy, 2005, kashi uku, wanda ya ɗauko daga 1999, ka haɗa da *The Human Factor* na 2019 da ke ba da labarin ta bakin masu shiga tsakani na Amurka. Ka mai da hankali kan taron Camp David na Yulin 2000. Firaministan Isra'ila Ehud Barak da shugaban Amurka Bill Clinton sun ce an yi wa Arafat tayin da ba a taɓa yi ba ya ƙi. Falasɗinawa sun ce abin da aka miƙa musu bai kai ƙasa mai cikakken iko ba, ga batun Ƙudus da haƙƙin komawar 'yan gudun hijira. Ko cikin tawagar Amurka an saɓa: Dennis Ross ya ɗora laifi kan Arafat, Robert Malley ya ce laifin ya rabu. Wannan darasi ne babba, mutanen da suka zauna a ɗaki ɗaya suka fito da labari biyu.

Mataki na bakwai: Gaza, da bidiyon da ke shigo maka a waya

Sai ka kai nan za ka taɓa abin da ke faruwa yanzu. Gaza fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 365, mutum sama da miliyan biyu, yawancinsu jikokin waɗanda aka kora a 1948. Ranar 7 ga Oktoba 2023 Hamas ta kai harin da ya kashe kimanin mutum 1,200, akasarinsu fararen hula, aka tafi da kimanin 250. Yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar ya kashe dubun dubatan Falasɗinawa, mata da yara da yawa a ciki, ya raba kusan kowa da gidansa, Afirka ta Kudu kuma ta kai ƙara Kotun Duniya kan zargin kisan ƙare-dangi. Fina-finan da aka yi kan wannan an yi su ne cikin wuta, kundin gwamnatoci bai buɗe ba tukuna. Ka ɗauke su a matsayin shaidar farko.

Ni kaina na taɓa tura wa 'yan uwa wani bidiyo da aka ce Gaza ce, daga baya na gano na yaƙin Siriya ne, shekaru da suka wuce. Na ji nauyin abin ƙwarai, domin duk ƙaryar da aka kama tana ba masu musun gaskiya makami. Tun daga nan ba na tura komai sai na ɗauki hoton allo na sa shi a Google Lens na ga inda ya fara fitowa da ranar. Minti biyu ne.

Yadda za ka tsara zaman

Awa ɗaya a zama ya isa, sau uku a mako. Sauke fim da datar dare ka kalla da rana. In Turancin ya yi maka sauri, YouTube yana da wurin rage gudu, ka kuma kunna rubutun da ke bi ta ƙasan allo. Wanda ya yi karatun Larabci yana da babbar riba, domin zai ji tsofaffin Falasɗinawa da harshensu ba ta bakin tafinta ba, ko da yake Larabcin ƙauye sai an saba. Duk inda aka ambaci gari, tsayar da fim ka nemo shi a taswirarka. Duk adadin da ya girgiza ka, ka nemi wani wuri na biyu da ya faɗe shi kafin ka maimaita.

Ya fi kyau ku zama uku ko huɗu. Bayan kowane kashi, mutum ɗaya ya maimaita labarin da Hausa ba tare da duba littafi ba, wani kuma a ɗora masa ya faɗi yadda ɗaya ɓangaren zai ba da labarin wannan ranar, da gaskiya, yadda in mai wannan ra'ayi yana wurin zai ce haka ne. A zama na gaba ku yi musanya. Ranar da za ku kalli Sabra da Shatila ko Tantura, kada ku haɗa da wani fim, kuma ku bar lokaci bayan an kashe allo kafin kowa ya tashi.